Tsohon zanen malamin Turai: wane bugu ne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya leƙa shafukan gwanjo na Turai yana neman tsofaffin hotunan malamai zai ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. Fuskar mutum ɗaya ce, amma a nan an sa mata kuɗin da bai fi na takalmi ba, can kuma kuɗin mota. Ga misali René Descartes, masanin lissafi da falsafa ɗan Faransa wanda ya rasu a 1650. Frans Hals ya yi hotonsa da fenti, Jonas Suyderhoef na Haarlem ya sassaƙa wannan hoton a jan ƙarfe, Gérard Edelinck ya sake sassaƙa shi a Faris, daga baya kuma wasu barkatai suka yi ta kwaikwayo har ƙarni na 19. Ko wanne ka duba, sunan Descartes ne a ƙasansa. Abin da ya raba su shi ne hannun da ya yanka allon, da kuma lokacin da aka buga takardar da ake son sayar maka. Na biyun nan ne sabon mai saye ya fi sakaci da shi, kuma a nan ake cin kuɗinsa.

A zamanin da Turawa ke kira Barok, wato daga wajen 1600 zuwa tsakiyar ƙarni na 18, ba a da kyamara. Malamin da ya yi suna a Leiden ko Faris ko Oxford, hanyar da za a san fuskarsa a wata ƙasa ita ce a sassaƙa ta a allon jan ƙarfe a buga. Mai sassaƙa yakan tura ɗan ƙarfe mai tsini a kan allon yana yanka layuka. A shafa tawada mai kauri ta cika ramukan, a goge saman allon tas, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su ta cikin injin matsa. Takardar ce ke shiga ramukan ta tsotso tawadar. Jan ƙarfe kuwa yana da laushi. Kowace goga da kowace matsa tana cin sa kaɗan-kaɗan, siraran layuka su fara ɓacewa, inuwar fuska ta dusashe, baƙin riga ya koma toka-toka. Shi ya sa takarda biyu daga allo ɗaya, ɗaya tana iya zama abin kallo, ɗayar kuma gawar zane kawai.

Zaɓin da na fi so a fara dubawa shi ne aikin Faransawa, musamman Robert Nanteuil. An haife shi a Reims wajen 1623, ya rasu a Faris a 1678, ya bar alluna fiye da 200, kusan dukkansu fuskokin mutane. Fifikonsa a kan yawancin abokan sana'arsa shi ne sau da yawa shi da kansa yake zaunar da mutum ya zana shi, sannan ya sassaƙa. Idan ka ga an rubuta ad vivum kusa da sunansa, ma'anarta ke nan: ido da ido aka yi zanen. Ya yi malamai irin su Gilles Ménage a 1652 da François de La Mothe Le Vayer a 1661. Ɗauki gilashin ƙara girma ka ɗora a kan kumatun ɗaya daga cikinsu. Za ka ga fatar ba da dogayen layuka aka yi ta ba, gajerun tsaga ne da ɗige-ɗige, suna yawa inda inuwa take, suna raguwa har su ƙare a farar takarda inda haske ya faɗo. Ka gangara kan riga, sai layukan su yi tsawo, su yi kauri, su giccia juna. A bugu na farko-farko, ƙasan ido da gefen hanci suna da laushi har ka ce mutumin zai yi ƙiftawa. A bugun da allo ya gaji, waɗannan ɗige-ɗigen ne ke fara tafiya, sai fuskar ta yi fayau, ido ya fito zuru. Saboda yawancin mutanen da Nanteuil ya zana alƙalai ne da limaman coci da malaman da yau ba kowa ya san su ba, farashinsa bai kai ƙwarewarsa ba. Da ɗaruruwan yuro akan sami bugu mai kyau, fitattun ayyukansa ne suke haurawa dubbai.

Kusa da shi akwai Claude Mellan, wanda ya rasu a 1688, mai salon da ba ka rikita shi da na kowa. Da wuya ya giccia layi a kan layi. Layukansa jere suke tafiya, suna kumbura inda ake son duhu, suna sirancewa inda ake son haske. Hoton da ya yi wa Nicolas-Claude Fabri de Peiresc a 1637, dattijon nan mai tara littattafai na kudancin Faransa, da na Pierre Gassendi, suna cikin mafi kyawun fuskokin malamai na ƙarnin. Wanda yake son zane mai sarari da iska zai fi jin daɗin Mellan, wanda yake son nauyi da cika ido ya tsaya a Nanteuil ko Edelinck.

Zaɓi na biyu ya fi suna, ya kuma fi tarko. Shahararren mai zane Anthony van Dyck ya shirya jerin hotunan manyan mutanen zamaninsa a Antwerp, wanda yanzu ake kira Iconography. Shi ya yi zanen, ƙwararru irin su Paulus Pontius da Lucas Vorsterman da Schelte a Bolswert suka sassaƙa, kaɗan ne ya taɓa allonsu da hannunsa. Martin van den Enden ya fara bugawa da alluna 80, daga ciki 12 na 'yan siyasa da malamai ne, akwai Justus Lipsius da Erycius Puteanus da Constantijn Huygens. Bayan rasuwar Van Dyck a 1641, Gillis Hendricx ya karɓi allunan ya fitar da bugu mai hotuna 100 a 1645. To daga nan allunan suka yi ta sauya hannu ana bugawa har cikin ƙarni na 18, kuma a 1851 gidan tarihi na Louvre ya saye su ya ci gaba da buga su don sayarwa. Ka ga ke nan mai sayarwa zai iya rubuta "Van Dyck, allon asali" bai yi ƙarya ba, alhali takardar da ke hannunsa ta girmi kakanka da kaɗan ne kawai. Abin da zai cece ka shi ne rubutun ƙasan hoton. In sunan Van den Enden yana nan, bugun farko ne, kuma shi ya fi tsada. In haruffan G.H. suna tsakiya, na Hendricx ne, har yanzu allon na da ƙarfinsa, kuma a ganina nan ne kyau da farashi suka fi daidaita. In an kankare haruffan, bugun baya ne. Na Louvre yawanci yana ɗauke da hatimin gidan da aka danna a takarda ba tawada. Ba laifi ba ne a sayi na Louvre, laifin shi ne a biya masa kuɗin na Hendricx.

Tunda maganar rubutu ta zo, kalmomin Latin 'yan kaɗan ne ake maimaitawa a ƙasan waɗannan hotuna, kuma sanin su ya fi dogon bayanin dillali amfani. Pinxit na bin sunan wanda ya yi hoton fenti na asali, delineavit wanda ya zana da hannu, sculpsit wanda ya sassaƙa allon, excudit wanda ya buga ya sayar. Aetatis da lamba a gabanta shekarun mutumin ne lokacin da aka zana shi. Masu sayarwa sukan sa babban suna a kan gaba ko da bayan pinxit ya zo, don haka "Rubens" ko "Hals" a kan talla sau da yawa yana nufin wani ne ya kwafi aikinsu.

Rembrandt kuwa, shahararren mai zane na Holland, shawarata ga mai farawa ita ce ya kalla ya wuce. Ba don aikin bai kai ba. Hoton da ya yi wa mai wa'azi Cornelis Anslo a 1641, zaune da littafi yana bayani da hannu, da na likita Ephraim Bueno a 1647 a gindin matakala, babu kamarsu. Amma shi ba yankan allo yake yi irin na Nanteuil ba. Yakan rufe allon da wani abu mai kama da kaki, ya zana da allura, asid ya ci layukan, sannan ya ƙara karce da tsini kai tsaye. Wannan karcen yana tayar da ɗan gashin ƙarfe a gefen layi, shi ke riƙe tawada ya ba da baƙi mai laushi, kuma bayan bugu kaɗan yake mutuwa. Rembrandt ya rasu a 1669, amma allunansa wajen 80 sun tsira, an yi ta buga su ana sake yanka layukan da suka goge, musamman a hannun Pierre-François Basan a Faris a ƙarshen ƙarni na 18, da waɗanda suka gaje shi. Ga kuma kwafin Amand-Durand na ƙarni na 19, waɗanda aka yi ta hanyar ɗaukar hoto aka mayar a allo, masu kyau har suna ruɗin ido, musamman in an goge jan hatimin da ke bayansu. Bugun da aka yi Rembrandt na raye kuɗinsa ya wuce aljihun yawancinmu. Wanda ka gani da araha, to araha ba ta ado. Da kuɗin Rembrandt ɗaya da ya gaji za ka iya samun Nanteuil ko Suyderhoef masu rai guda biyu ko uku.

Mafi sauƙin kuɗi su ne hotunan da aka ciro daga littattafai. Turawan wancan lokaci suna son littafin da ke tara fuskokin malamai. Akwai na Johannes Meursius a kan malaman Leiden na 1625, da na Paul Freher da aka buga a Nuremberg a 1688, mai ƙananan fuskoki 16 a shafi ɗaya, da na Charles Perrault mai juzu'i biyu, 1696 da 1700, wanda Edelinck da Jacques Lubin suka sassaƙa yawancin hotunansa. Tsakanin waɗannan akwai tazara mai nisa. Na Perrault manya ne, aikin ƙwararru, kuma su ne mafi kyawun abin da ƙaramin kuɗi zai sayo. Na Freher kwafin kwafi ne, wasu fuskokin ma da ƙyar suke kama da masu su, 'yan kasuwa kuma sukan yanka shafin gida 16 su sayar ɗai-ɗai. Juya takardar ka gani: in akwai rubutun ɗab'i a baya, daga cikin littafi ta fito. Abin da ke damuna da wannan kasuwa shi ne kowane irin shafi shaida ce cewa an farke wani littafi. Al'adar ta daɗe, ta yi ƙamari a Ingila bayan 1769, lokacin da littafin James Granger ya sa masu tarawa suka shiga yanke hotuna daga littattafai suna liƙawa a nasu. Wanda aka yanke shekara 200 da suka wuce ba yadda za a yi da shi. Amma ɗan kasuwar da ka ga ya jera shafuka 50 daga littafi ɗaya, duk sabuwar yanka, ni ba na ƙarfafa masa gwiwa da kuɗina.

Saura salon da ake kira mezotinto, wanda Ludwig von Siegen ya ƙirƙiro a 1642. A nan ana fara kakkarce allon gaba ɗaya har ya zama in an buga shi baƙi ƙirin zai fito, sannan a riƙa goge wuraren da ake son haske. Ba layi a cikinsa, sai inuwa. Ingilawa suka rungume shi, John Smith ya yi Isaac Newton da shi a 1712 daga hoton Godfrey Kneller, a Augsburg kuma Johann Jakob Haid ya yi jerin malaman zamaninsa don littafin Jakob Brucker tsakanin 1741 da 1755. In bugun sabo ne, babu salon da ya kai shi kama da fatar mutum. Sai dai ya fi kowanne saurin gajiya, kuma fuskar takardar ba ta son taɓi, ƙaramin gogayya yana barin farin tabo. Kada ka saye shi daga hoton waya mai duhu.

Game da wanda za ka zaɓa a zana, kada ka bi suna don suna. Newton da Descartes da Galileo kowa na nemansu, don haka ko mummunan bugunsu yana da tsada. Akwai mutanen da labarinsu ya fi kusa da mu kuma ba a rububinsu sosai. Thomas Erpenius na Leiden ya wallafa nahawun Larabci a 1613 wanda Turawa suka yi kusan ƙarni biyu suna koyo da shi. Edward Pococke shi ne farkon wanda ya hau kujerar koyar da Larabci a Oxford a 1636, bayan ya zauna shekaru a Halab. Anna Maria van Schurman ta Utrecht ta koyi Larabci da Ibrananci da harshen Habasha na dā, tana sauraron darasin jami'a daga bayan labule, kuma da hannunta ta sassaƙa hoton kanta a 1633. Akwai Abba Gorgoryos, malamin Habasha da ya koyar da Hiob Ludolf a Jamus, wanda hotonsa ya fito a littafin Ludolf na 1691. Akwai Jacobus Capitein, ɗan ƙasar da yanzu ake kira Ghana, wanda ya yi karatu a Leiden aka sassaƙa hotonsa a 1742. Sai Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu a Senegal ta yau, wanda aka kama aka sayar bawa zuwa Amurka, ya kuɓuta ta Landan, inda William Hoare ya yi hotonsa a 1733 da rawani da Alƙur'ani rataye a wuya. An buga wannan fuska tasa a mujallar Gentleman's Magazine a 1750. Aikin sassaƙar ba na a-zo-a-gani ba ne in an gwada da Nanteuil, amma ni dai ban san takardar da ta fi ta taɓa zuciya a duk wannan fanni ba, kuma masu nemanta sun ƙaru, don haka kada ka sa ran samun ta a banza.

Yanzu ga yadda za ka bincika takardar kanta. Ɗaga ta ka sa haske a bayanta. Takardar ƙarni na 17 da hannu aka yi ta daga tsumma, a cikin wata rariyar waya, shi ya sa za ka ga siraran layuka a jere da wasu masu tazara suna ratsa su, wani lokaci har da tambarin masana'anta a jikinta. Wanda ya taɓa ɗaga takardar tsohon Alƙur'ani ko littafin fiƙihu na rubutun hannu a Kano ko Sakkwato ya ga jinjirin wata uku a ciki, ya riga ya san abin da nake nufi, domin waccan takardar ma ta Italiya ce, kuma iri ɗaya ce hanyar yin ta. Takarda mai santsi marar layuka ba ta fito a Turai ba sai wajen 1757, don haka hoton 1650 a kanta bugun baya ne ko kwafi. Daga nan ka kwantar da takardar ka haska tocila daga gefe. Layukan tawada masu kauri za su ɗan taso sama da fuskar takarda, kuma a kewayen hoton za ka ga ɗan zurfin da bakin allon ya bari. A ƙarƙashin gilashi, layin da aka yanka da tsini yana farawa siriri, ya kumbura, ya ƙare da tsini. Wanda asid ya ci kaurinsa ɗaya ne, bakinsa a dakushe. In ka ga ƙananan ɗigo a jere reras kamar na hoton jarida, injin zamani ne, ka ajiye. Rashin faffaɗan gefe ba babban aibi ba ne, masu tarawa na dā sukan datse gefen su liƙa a kundi. Aibin shi ne a datse har a ci rubutu, ko a manne takardar gaba ɗaya a kwali, ko a wanke ta da sinadari har tawadar ta yi fari-fari. Ƙaramin hatimi ko sa hannu a baya sau da yawa alheri ne, yana nuna hannun da ta bi, kuma kundin Frits Lugt na irin waɗannan alamomi yana intanet kyauta.

Tunda yawancinmu daga nesa za mu saya, wurin saye ma zaɓi ne. Gidan gwanjo yakan fi sauƙin farashi, amma a kan kuɗin da aka buga guduma akwai ladan gidan, wanda yakan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, ga kuɗin aikowa, kuma mayar da kaya yana da wuya. Dillalin da sana'arsa ke nan ya fi tsada, amma zai rubuta maka matakin bugun, wato na farko ne ko na baya, da lambar hoton a kundayen masana irin su Hollstein, ya kuma tsaya a kan maganarsa. Kasuwannin intanet irin su eBay akwai na kirki akwai tarkace, kuma kai ne alƙalin kanka. Ko ina ne, nemi hoton gaba da na baya, da wanda aka ɗauka da haske a bayan takarda, da awon allon a milimita. Sannan ka buɗe shafin gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ko na British Museum da ke Landan ka nemo irin hoton ka jera su. Awon da ya saɓa da yawa, ko fuskar da ta juya ɗaya gefen, alamar kwafi ce. Wanda ya ƙi cire hoto daga firam ya nuna maka bayansa, bar masa kayansa. Ka kuma tambaya tun kafin ka biya ko ƙasar tana buƙatar izinin fitar da tsohon kaya, Italiya na cikin masu tsauri a nan.

In kuwa fuskar malamin kawai kake so don aji ko ɗakin karatu, Rijksmuseum na barin a sauke hotunansa manya kyauta. Ka kai wa mai ɗab'i ya buga maka a takarda mai kauri. Ya fi maka jabun da aka tsufar da ruwan shayi.

Wanda ya sayi na gaske, yanayinmu ne zai fara gwada shi. Danshin damina na kawo ɗigon tsatsa da fumfuna, hunturu na busar da takarda har ta yi ƙaras, gara da kyankyasai kuma ba ruwansu da shekarunta. Kada a shafe ta da roba irin yadda ake yi wa takardun makaranta, wannan kisa ne. Kada salatif ko gam ya taɓa ta. A firam, a sa kwali marar asid tsakaninta da gilashi, a rataye a bangon ciki inda rana ba ta bugawa. Wanda kuma ba ya son rataye hoton mutum a ɗakinsa, bai rasa komai ba, domin masu tarawa na wancan zamani ma a kundi suke ajiyewa. Michel de Marolles, wanda Mellan da Nanteuil duk suka sassaƙa hotonsa, ya tara takardu wajen 123,000 cikin kundaye kafin a saye su wa Sarki Louis na 14 na Faransa a 1667. Akwati mai faɗi, takarda marar asid tsakanin kowane hoto da ɗan'uwansa, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta.